Sabon Chrome ya rikita min shafi, in kashe sabuntawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata biyu ina gina shafukan intanet. Makon jiya Chrome ya sabunta kansa, sai fom ɗin rajista na wani kamfani da na yi wa aiki ya daina aikawa. Mai gyara min kwamfuta ya ce in kashe sabuntawa gaba ɗaya, in ce wa kamfanin su ma su kashe, wai dabara ce kawai ta tilasta mana sayen sabbin kwamfutocin tebur da ake ta fitarwa. Hankalina a tashe yake, kada aikin ya kuɓuce min.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, fom ɗin zai gyaru.

Batun sabuwar kwamfuta ba ya buƙatar dogon bayani. In taka tana da SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri) da isasshen RAM (ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita), ta ishe ka. Ni ma nakan tsaya in duba duk lokacin da Apple ta fitar da sabuwar ƙaramar kwamfutarta ta tebur, Mac mini, kuma tun fitowar mai injin M1 a 2020 an samu ci gaba na gaske. Sai dai inji mai gudu yakan ɓoye wa magini nauyin shafinsa, alhali masu ziyara da tsofaffin na'urori suke shigowa. Abin da za ka duba shi ne ko tsarin Windows da ke kanta yana samun sabuntawa har yanzu: Chrome 109 ne na ƙarshe a Windows 7, kuma Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Amma shawarar mai gyaran nan ita ce ta ɓata min rai, domin kusan kullum sai na ji ta. Mutum ya iya ɗora Windows da canza allo, shi ke nan ya zama mai ba da fatawa kan tsaro! A 2021 Chrome ya koma fitar da sabon salo duk bayan mako huɗu, kuma ba don kwalliya ba ne. Kowace fitowa tana ɗauke da facin ɓarakar da aka gano, kuma da zarar an sanar da facin, ɓarayin intanet ma sun san inda ramin yake. Wanda ya ƙi sabuntawa ya kwana ƙofa a buɗe, bayan an yi shelar cewa sakatarta ta karye.

Ka tuna Satumbar 2023. An gano ɓaraka a manhajar karanta hotunan WebP (wani nau'in hoton da ake sa wa a shafukan intanet), ta shafi burauzojin Chrome da Firefox da Edge baki ɗaya. Ba sai ka sauke komai ba, buɗe shafin da aka dasa wa mugun hoto ya isa. Haka cutar kwamfuta ta WannaCry a Mayun 2017: Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, amma cutar ta durƙusar da asibitoci a Birtaniya saboda ba a ɗora shi ba. Na taɓa zama gaban kwamfutar wani akawu, maɓallin sabuntawa a kusurwar dama ta sama ya yi jajir, an ce masa kada ya kuskura ya taɓa. Da wannan burauzar yake shiga asusun bankin ma'aikatarsu. Wallahi sai da gabana ya faɗi. To wannan kake so ka jawo wa kamfanin da ya ba ka amanar bayanan mutane? In aka kwashe, mai gyaran ba zai zo ya amsa tambaya ba, kai za a nema.

Kuma in gaya maka gaskiya, galibi laifin na kod ɗinmu ne. Lokacin da Chrome ya kai salo na 100 a 2022, wasu shafuka sun rikice don lamba biyu kacal suke karantawa, suka ɗauka salo na 10 ne.

Danna F12 don buɗe kayan aikin magina shafi a Chrome, ka aika fom ɗin, ka karanta jan rubutun da zai fito. Yawanci zai nuna maka layin da ya karye, ko wani tsohon abin da aka daɗe ana gargaɗin za a cire. Gyara shi, ka gwada a Firefox da Safari, tunda injinsu daban ne da na Chrome. Sannan ka ɗora Chrome Beta, wato salon gwaji da ke riga na kowa fitowa, a gefe, kana buɗe ayyukanka da shi lokaci-lokaci, don ka riga kamfanin ganin matsala. In kuskuren ya gagare ka, turo min rubutunsa mu duba tare.