Amsa ga ɗan'uwan da yake son ajiye zane saboda ƙarancin mabiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƙanena, na karanta tambayarka inda ka ce ka daɗe kana sakin labarinka na zane a Facebook da Instagram amma masu bibiyarka ba su taka kara sun karya ba, har kana tunanin ko dai ka ajiye alƙalami gaba ɗaya, ko kuma ka tara kuɗi ka biya masu manyan shafuka su tallata ka. Wallahi na san wannan ciwon, na san yadda mutum yake raba dare yana gyara fuskar mutum guda a zane, ya saki da asuba, ya wuni yana leƙa waya, a ƙarshe ya tarar abokansa biyu ne da wata 'yar'uwarsa suka nuna sun gani. Duk da haka ra'ayina shi ne kada ka ajiye, kuma kada ka ba kowa ko sisi, domin wannan rashin suna da kake kuka da shi yana ɗauke da wata ni'ima wadda ni ban san darajarta ba sai da aka raba ni da ita da ƙarfin tsiya.

Tsofaffin 'yan wannan zaure sun san labarin da nake zanawa na direban A Daidaita Sahu mai jigila tsakanin Kabuga da Bata. A farkon 2023, lokacin da takardar Naira ta yi wuyar samu kuma zaɓe ya ƙarato, na yi wata fitowa mai akwati huɗu, wato hotuna huɗu a jere, a kan wani dattijo da yake rigima da direban saboda canji, shi ya ce zai tura ta waya, direba ya ce ba ya karɓa. Na sa wa dattijon jar hula, wadda a Kano alama ce ta 'yan Kwankwasiyya, kuma Allah ne shaidata ba don komai na zaɓi ja ba sai don babur ɗin ruwan ɗorawa ne, ina neman launin da zai fito da kan mutumin daga jikin rumfar. Wani mai babban shafi, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya ɗauki zanen, ya yanke gefen da na sa hannu, ya goge maganar dattijon da ta direban, ya cusa musu zagin siyasa a baki, sannan ya saki a matsayin nasa. Kafin gari ya waye zanen ya zaga Kano. Wani abokina, da kyakkyawar niyya, ya shiga ƙarƙashin rubutun ya ce ai wannan aikin wane ne, ya kuma haɗa da adireshin shafina, to daga nan ne ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ɓangare guda suka ce an saye ni, suka zagi iyayena da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, wani har ya rubuto mini sunan unguwarmu don in san cewa ya san inda nake kwana. Ɗaya ɓangaren kuma suka dinga turo saƙo suna yabona, suna cewa in ƙara yin irinsa za su ga abin da za su yi mini, wato suna so su mayar da ni sojan baka mai fensir. Ka tuna a lokacin ba a daɗe ba da wata kotun majistare a nan Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, a watan Nuwamba na 2022, saboda wani bidiyo da suka yi a TikTok a kan gwamnan lokacin. Saboda haka duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Maigidana a shagon ɗab'i da nake aiki ya kira ni gefe ya ce shi fastocin kowace jam'iyya yake bugawa, ba zai yarda yaronsa ya kore masa rabin kwastomomi ana tsakiyar kakar aiki ba, kuma gaskiyarsa ce. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa buɗe Facebook ba, a gidan suna ta ji labari.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne amsar da mutumin nan ya ba ni. Na rubuta masa cikin ladabi, na kira shi yaya, na roƙe shi ya sauke zanen ko aƙalla ya bayyana cewa kalaman nasa ne. Sai ya ce ai kamata ya yi in gode masa, tunda ya tallata ni kyauta alhali wasu biya suke yi, daga nan ya toshe ni. Bayan wani lokaci muka haɗu a wurin wani ɗaurin aure, aka gabatar da ni gare shi, ya miƙo mini hannu yana dariya yana cewa ashe kai ne mai zanen nan, ka ga yadda na fito da kai. Ban iya ce masa komai ba saboda idon manya, amma na koma gida hannuna yana rawa. Na yafe wa waɗanda suka zage ni, domin abin da aka nuna musu suka gani, shi kuwa na bar shi da Allah. Irin waɗannan mutanen ne kake tunanin ɗaukar guminka ka kai musu.

Za ka ce to ai mabiya sun ƙaru. Sun ƙaru ƙwarai, sun ninka sau da yawa, sai dai babu mai karatu a cikinsu. Da na saki fitowa ta gaba, wadda direban ya kai wata tsohuwa asibiti ya ƙi karɓar kuɗinta, sai aka dinga tambayata wa tsohuwar take wakilta, kuma me ya sa zanin da ta ɗaura kore ne. Na wayi gari ina auna launin kowace hula da kowane mayafi kafin in shafa, labarin da nake yi don nishaɗi ya koma mini jarrabawa, na daina zane na tsawon watanni. Da na dawo sai na buɗe sabon shafi da sunan alƙalami, kamar yadda marubutan littattafanmu suka saba yi, na gayyaci tsofaffin masu karatuna kaɗai, kuma a nan nake har yanzu cikin kwanciyar hankali.

Yanzu ka dubi abin da yake hannunka. Kana da damar yin zane marar kyau ba tare da an taru a kanka ba, kuma duk wanda ya iya zana hannu da yatsu ya san sai da ya ɓata ɗaruruwa kafin ya samu guda mai kyau. Idan gobe ka ga dama ka bar launi ka koma baƙi da fari, ko ka canza kamannin jarumin, ko ka kashe labarin da ya ƙi tafiya ka fara wani, babu wanda zai ce ka ci amanarsa. Idan aka kwana biyu babu wuta, ko data ta ƙare ƙarshen wata, wadda kowa ya san ta ƙara tsada tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, sai ka rubuta layi ɗaya ka ba da haƙuri, masu karatunka su ce Allah Ya hore. Masu zanen da suke da kwantiragi da Webtoon, dandalin karanta labaran zane da kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya fara a 2004, yawanci sai sun miƙa doguwar fitowa duk mako, kuma da yawansu sun sha kokawa da ciwon baya da na wuyan hannu. Na lura ka ambaci 'yan Legas a tambayarka, to ka sani Comic Republic, masu labaran zane na can Legas, kamfani ne tun 2013, kuma a irin wannan tsari wani ne yake rubuta labari, wani ya zana, wani ya shafa launi, wani ya jera rubutu. Kai kuwa kai kaɗai ne da wayarka da manhajar zane ta ibisPaint bayan sallar isha'i, saboda haka zalunci ne ka ɗora aikinka a sikeli ɗaya da nasu.

Sannan akwai maganar masu karatu, wadda ita ce ta fi soyuwa a raina. Mutanen da suke bin shafina yanzu na san kusan kowannensu. Akwai wani direba na gaske da yake gyara mini idan na zana babur ya bi hanyar da ba a bi, shi ne ya taɓa ce mini babu direban da zai tsaya ɗaukar fasinja a daidai inda na tsayar da nawa a bakin Kantin Kwari ba tare da an kama shi ba. Akwai wata baiwar Allah daga Damagaram da take tambayata ma'anar wasu maganganun 'yan tasha, ita kuma ta faɗa mini yadda suke cewa a can. Saboda su ne nake rubuta Hausar da ake yi a bakin titi yadda take, ba na sassauta ta, ba na kuma liƙa fassara a ƙasa don neman baƙi. Ina zana lungunan Kurmi da gadar Ƙofar Nasarawa da dutsen Dala a bayan gidaje ba tare da na yi wa kowa bayani ba. Duk ranar da ka fara farautar dubban mutane, abu na farko da za ka sadaukar shi ne wannan, domin za ka fara tambayar kanka ko mutumin da bai taɓa zuwa Kano ba zai gane.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa a fili ba, wato maganar zanen abu mai rai. Hukuncinsa na malamai ne, kuma kowa a cikinmu ya san wanda yake tambaya, amma ka san da bambanci tsakanin ka zauna da malaminka ka yi tambaya cikin natsuwa da kuma a ɗauki zanenka a mayar da shi abin muhawara tsakanin mutanen da ba su san ka ba. Tun abin da jaridar nan ta Denmak ta jawo a 2005 da 2006 da zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), akwai mutanenmu da idan suka ji an ce zanen barkwanci ɓatanci ne yake fara zuwa musu a rai, kuma ba kowa ne zai tsaya ya duba cewa naka labarin mai shayi ne da yaronsa ba. Ƙaramin shafi yana ba ka lokacin da iyalinka da unguwarku za su san abin da kake yi daga bakinka kafin su ji shi daga bakin wani.

Ban ce babu ciwo ba. Babu kuɗi a ciki, kuma wanda ya ce maka yabo yana sayen data ya yaudare ka. Ko da Facebook ya fara biyan masu shafuka a Najeriya a 2024, bidiyo aka fi dubawa, mu masu zane a tsaye muna gefe. Ɗan abin da ni nake samu daga cikin waɗannan mutane ƙalilan yake fitowa: wannan ya ce in zana shi da amaryarsa a katin biki, waccan tana son tambarin sana'arta ta turaren wuta, wani malamin makaranta yana son hotunan da zai koyar da yara da su. Dubi matan da suke rubuta littattafai a WhatsApp, da yawansu ba a san fuskarsu ba, amma suna da zauren waɗanda suka biya suke jiran kowace fitowa, kuma ban ga abin da zai hana mai zane gwada wannan hanya ba idan labarinsa ya kama mutane.

Don Allah ka daina sa hannu a kusurwar ƙasa kamar yadda na ga kana yi, nan ne wurin da ake fara yankewa. Ni yanzu a cikin zanen nake saka sunan, a lambar babur ko a allon shago ko a jikin buhu, inda ba za a cire shi ba sai an lalata hoton. Ka riƙa ajiye asalin aikinka da zanen farko na fensir, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba ka haƙƙin abin da ka ƙirƙira ko ba ka yi rajista ba, amma ranar gardama sai ka nuna cewa kai ka fara. Kuma kada ka bar komai a waya kaɗai, ka tura wa kanka ta imel ko ka zuba a Google Drive duk mako, domin da idona na ga wani ɗan zauren nan yana hawaye bayan masu ƙwacen waya sun tare shi da magariba sun tafi da aikin da bai da kwafinsa ko ɗaya. Ka kuma kula da launin hula, wannan ba sai na maimaita ba.

Na shiga shafinka na karanta abin da ka saki daga farko har zuwa na makon jiya. Mai shayin nan yana da rai, musamman yadda kake karkata masa baki idan ana cin bashi, amma rubutun maganarsu ya yi ƙanƙanta, sai na zuƙo hoton kafin in karanta, kuma salon harafin da kake amfani da shi ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa suke fitowa daban da sauran. Ka nemi wanda yake da su, ka rage yawan magana a akwati na uku, sannan ka turo mini fitowa ta gaba ta saƙo kafin ka saki in duba maka, in sha Allah.