Ina aiki a gidan tarihi a Faransa, zan iya zuwa Garwa hutu da resefise?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan Garwa ne a arewacin Kamaru, ina aikin tarbar baƙi a wani gidan tarihi a Faris ta hannun kamfani mai zaman kansa. Yuli da Agusta ne 'yan yawon buɗe ido suka fi cika, shugabana yana ja mini rai kan hutu. Katin zamana ya kusa ƙarewa, wani ya ce kowace resefise, wato takardar wucin gadi da hukuma ke ba wanda ya nemi katin zama, tana isa in je gida in dawo. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hutu haƙƙinka ne. Dokar ƙwadago ta Faransa ta ba ka kwana 2 da rabi na ranakun aiki kowane wata, mako 5 ke nan a shekara, kuma dole ka samu aƙalla kwana 12 na ranakun aiki a jere tsakanin 1 ga Mayu da 31 ga Oktoba. Kamfani ne ke tsayar da rana, shi ya sa ake rubuta buƙata tun Maris. Wanda iyalinsa ke nesa yana iya neman haɗe makonni 5 ɗin. In Agusta ya gagara, karɓi Oktoba: cunkoso ya ragu, tikiti ya sauka, damina ta ja baya a arewa.

Maganar resefise kuwa, ita ce ke jefa mutanenmu a rami kullum, kuma masu yaɗa ta a WhatsApp ba su taɓa tsayawa layi a firefektir, ofishin gwamnati da ke ba baƙi katin zama, ba. Takardun ba ɗaya ba ne. Resefisen sabuntawa, haɗe da tsohon katinka da fasfo mai rai, tana ba ka damar fita da dawowa muddin kwananta bai ƙare ba. Resefisen neman farko ba ta ba ka wannan damar. Haka takardar da ANEF, shafin intanet na gwamnati da baƙi ke neman katin zama, ke fitarwa don shaida cewa ka ajiye buƙata: shaidar ajiya ce kawai. Wadda ke aiki ita ce ta tsawaita bincike a kan sabuntawa. Fita ba wanda zai hana ka. A filin jirgin Duwala ko Yawunde ne kamfanin jirgi zai ƙi ɗaukarka, sai ka koma neman bizar dawowa a ofishin jakadanci, makonni suna tafiya, kwanakin hutunka sun ƙare. Tun 2023, wanda ya bar aiki ba izini, aka aika masa wasiƙar gargaɗi bai koma cikin wa'adin aƙalla kwana 15 ba, ana ɗaukarsa ya ajiye aiki da kansa. Aikin ya tafi, sabunta katin ma ya shiga matsala. Jinkirin firefektir abin takaici ne, amma ɗan sandan iyaka ba ruwansa da shi.

Ka shigar da sabuntawa wata 4 zuwa 2 kafin katin ya ƙare. Kada ka sayi tikiti sai ka karanta abin da aka rubuta a jikin takardar da ranar ƙarewarta, ka bar tazarar mako 2 kafin ranar. Ka riƙe katin rigakafin cutar shawara, ana tambayarsa a Kamaru.