Irada a wajen masana falsafa

Ƙanena, ka ce kana shirin jarabawar BAC a nan Maradi, ma'anar irada, wato nufin da ke sa mutum ya aikata abu, ta ɗaure maka kai. Su ma masanan bakinsu bai zo ɗaya ba.

Kant na ganin irada hankali ne mai ɗora wa kansa doka: ka aikata don ya wajaba, ba don riba ba. Schopenhauer, wanda ya rasu a 1860, ya ce ina! Makauniyar ƙishirwa ce, hankali baranta ne kawai. Dubi ɗan kasuwar da ya cika sito da gyaɗa, gobe ma sammako zai yi. Nietzsche kuwa neman iko ya kira ta.

Ni dai Imam Ash'ari ya fi kwanta mini: Allah ke halittar aiki, bawa na da kasabi, wato ɗaukar aikin ya zama nasa, a kansa ake masa hisabi.