Kwana Biyar a Andalus: Ina Zan Fara, Kuma Za a Bar Ni In Yi Salla a Masallacin Ƙurɗuba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin jami'a ne, zan halarci wani taro a Madrid ta ƙasar Sifaniya a watan Oktoba, kuma bayan taron ina da kwana biyar. Tun muna yara muke jin labarin Andalus a wurin wa'azi, cewa Musulmi sun mulke ta shekara 800 sannan aka kore su. Ina so in gani da idona. Ina ya kamata in fara? Sannan na ji an ce an mayar da babban masallacin Ƙurɗuba coci. Da gaske ne? Ko za a bar ni in yi raka'a biyu a ciki? Daga mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kai ka lafiya, Malam, ya dawo da kai lafiya.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin gara ka san amsarta tun kana gida. Gaskiya ne, ginin coci ne, kuma ba yau ba: tun 1236, shekarar da Sarki Fernando na Uku na Kastila ya ci garin. Cocin Katolika ce ke riƙe da shi, kuma ba ta yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Masu gadi na lura sosai, da sun ga mutum ya ta da kabbara ko ya yi niyyar sujada za su zo su tsayar da shi. Musulmin Sifaniya sun sha neman izini, ba a ba su ba. Don Allah kada ka gwada. Kai baƙo ne mai biza, kuma rigimar ba za ta amfani kowa ba. Akwai ƙaramin masallaci a lambun Colón a cikin garin, ka yi sallarka a can, sannan ka shiga babban ginin da natsuwa.

Maganar shekara 800 kuwa tana buƙatar gyara kaɗan, kuma gyaran ne zai tsara maka tafiyar. Daga 711, lokacin da Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetaro teku daga Maroko, zuwa 1492 da Garnaɗa ta faɗi, shekara 781 ne. Amma ba daula guda ba ce, kuma faɗin ƙasar bai tsaya yadda yake ba. Ɗulaiɗila, wadda za ka gani a taswira da sunan Toledo, ta fita daga hannun Musulmi tun 1085. Shekara 250 ɗin ƙarshe kuwa, ƙaramar masarautar Garnaɗa ce kaɗai ta rage a kudu. Zamani uku ne manya, kowanne da garinsa: Banu Umayya a Ƙurɗuba, daulolin da suka zo daga Maroko a Ishbiliya, sai Banu Nasr a Garnaɗa. Ka bi su a jere haka, kwana biyu, kwana ɗaya, kwana biyu. A tikitin jirgin ƙasa sunayensu Córdoba, Sevilla da Granada. Daga Madrid zuwa Ƙurɗuba bai cika awa biyu ba a jirgi mai gudu, daga nan zuwa Ishbiliya kusan minti 45. Ita kanta Madrid ɗin, sarkin Ƙurɗuba Muhammadu na Ɗaya ne ya kafa ta a matsayin sansanin tsaro a ƙarni na 9, kuma ragowar ganuwarsa na nan kusa da cocin Almudena. Ka leƙa da yamma bayan an tashi taro.

Wanda ya fara masallacin Ƙurɗuba shi ne Abdurrahman Addakhil, jikan halifan Banu Umayya da ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa a 750, ya gudo har ya kafa mulki a nan a 756. An fara ginin wajen 785. Idan ka shiga, kada ka yi saurin wucewa gaba. Tsaya a ɓangaren farko ka dubi kawunan ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, za ka ga ba su yi kama da juna ba, har tsawonsu ya bambanta. Daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na Bisigot, Kiristocin da suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi, aka ɗebo su. Gajeru ne, kuma da an ɗora rufi a kansu haka nan, da wurin ya yi ƙasa-ƙasa ya matse mutane. Sai maginan suka ɗora ƙaramin ginshiƙi a kan kowanne, suka ɗaura baka biyu, ɗaya a sama ta ɗauki rufi, ɗaya a ƙasa ta riƙe ginshiƙan kada su buɗe. Kowace baka jan bulo da farin dutse ne a jere. Wannan dabara ce ta ba ginin kamanninsa da duniya ta sani. Ginshiƙan da suka rage a tsaye sun kai kimanin 850.

Sarakuna da dama sun ƙara shi yayin da garin ke cika. Mafi ƙayatarwa shi ne aikin Halifa Alhakam na Biyu, wanda ya hau mulki a 961. Mihrabinsa ɗan ɗaki ne sosai, rufinsa da siffar ƙoƙon kodi, fuskarsa kuma an lulluɓe ta da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da shuɗi da kore, an tsara ayoyin Alƙur'ani da su. Gwanin wannan sana'a daga daular Rum ta Gabas, ta Kiristoci, aka aiko shi. Akwai shinge, ba za ka iya matsawa ba, amma rubutun na karantuwa ga mai haƙuri. Za ka lura alƙiblar ta fi karkata kudu fiye da yadda lissafin yau zai nuna, kuma masana na da ra'ayoyi mabambanta kan dalili. Daga nan ka koma ɓangaren gabas, wanda waziri Almansur ya ƙara a 987. Ya fi kowanne faɗi, amma ka matsa kusa ka dubi bakan: dutse ne zalla aka shafa wa jan fenti don ya yi kama da na dā. A jikin wasu ginshiƙan akwai sunaye da alamomin masassaƙan dutsen da suka yi aikin.

Za ka ga wurin da duhu-duhu. A zamanin da ake salla a ciki ba haka yake ba, domin duk ƙofofin da ke fuskantar farfajiya a buɗe suke, haske na shigowa. Daga baya aka toshe yawancinsu aka yi ƙananan ɗakunan ibada.

A tsakiyar ginshiƙan za ka yi karo da babbar cocin da aka fara ginawa a 1523. Na san ranka zai sosu, kuma ba zan ce kada ya sosu ba. Amma akwai abin da nake so ka sani. A Ishbiliya da Ɗulaiɗila da Garnaɗa, rushe manyan masallatan aka yi, aka gina coci a gurbinsu. A Ƙurɗuba kuwa, kusan shekara 300 Kiristocin garin suna ibada a ginin ba su yi masa babban sauyi ba, kuma da bishop ya tashi fasa tsakiyarsa, majalisar garin, su ma Kiristoci, ta ƙi, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk maginin da ya sa hannu a rushewar. Sai da Sarki Carlos na Biyar ya goyi bayan cocin sannan aka yi. Hasumiyar Abdurrahman na Uku ma tana nan, an lulluɓe ta a cikin hasumiyar ƙararrawa, kuma mai hawa yana ganin ragowarta.

Wannan gari ba baƙo ba ne gare mu. Muwaɗɗar da ake karantawa a zaurukanmu ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848, wanda ta hannunsa da almajiransa Malikiyya ta kafu a Andalus. Alfazazi mai Ishiriniya a nan aka haife shi. Alƙurɗubi mai tafsiri ɗan garin ne, ya yi ƙaura zuwa Masar a zamanin faɗuwarsa. Ibn Rushd da Ibn Hazm ma 'yan nan ne, haka Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, wanda mutum-mutuminsa ke tsohuwar unguwarsu dab da masallacin. Ka zaga lungunan unguwar. Daga waje bango ne fari da ƙofa, amma idan ka leƙa ta soron shiga, wanda aikinsa kamar na zaurenmu ne, za ka hango tsakar gida da rijiya da tukwanen furanni a jikin bango.

Rana ta biyu ka tafi Madinatuz Zahra, kilomita 8 yamma da gari. Abdurrahman na Uku, wanda ya ayyana kansa halifa a 929, shi ya gina ta fadar mulki. Ba ta cika shekara 80 ba ta zama kufai. Kuma ba sojojin Kirista suka rushe ta ba. Yaƙin basasa ne tsakanin Musulmi da ya ɓarke a 1009 kan gadon mulki. Zuwa 1031 halifancin ya ƙare, ƙasar ta tsage zuwa ƙananan masarautu masu gaba da juna, da yawansu suna biyan sarakunan Kirista na arewa haraji don a kare su daga 'yan'uwansu. Wannan ɓangare ba a cika faɗinsa a wa'azi ba, alhali a ganina duk wanda bai san shi ba, bai fahimci yadda aka rasa Andalus ba.

Ishbiliya kwana ɗaya ya isa. Bayan faɗuwar Ɗulaiɗila, sarakunan Musulmi suka nemi agajin Murabiɗai, mutanen Sahara, ƙarƙashin Yusuf bin Tashfin, suka ci nasara a Zallaƙa a 1086, sannan suka haɗiye masarautun. Muwahhidai suka gaje su, su ne suka gina hasumiyar Giralda tsakanin 1184 da 1198, 'yar'uwar ta Kutubiyya da ke Marrakesh. Cikinta ba matakala, gangara ce mai zagayawa har sama. Daga nan ka shiga fadar Alcázar, ka nemi ɓangaren Sarki Pedro. Sarkin Kirista ne, ya gina a 1364, fiye da ƙarni guda bayan an ci garin a 1248, amma magina Musulmi ya ɗauka, kuma a bangonsa an rubuta masa kirari da Larabci ana kiransa sultan. Haka zaman ya kasance a wancan zamani: ana yaƙi, ana ƙawance, ana ciniki, ana aron magina.

Sai Garnaɗa. Tun kafin ka bar gida, yau ɗin nan in da hali, ka sayi tikitin Alhamra, fadar sarakunan Garnaɗa, a shafinsu na intanet, domin yakan ƙare makonni kafin ranar. Da sunanka da lambar fasfonka ake yankansa, kuma da fasfon za ka shiga. A kansa akwai lokacin shiga fadojin Banu Nasr. Wanda ya makara ba a barinsa ya shiga, kuma fadojin nan su ne zuciyar wurin.

Yawancin abin da za ka gani aikin sarakuna biyu ne na ƙarni na 14, Yusuf na Ɗaya da ɗansa Muhammadu na Biyar, mai farfajiyar nan ta zakuna 12 da ginshiƙai 124. Kayan aikin ba masu tsada ba ne, filasta ne da katako da tayil, gwanintar hannu ce ta ɗaga su. Kai da kake karanta Larabci kana da rabon da yawancin baƙi ba su da shi, domin bangon cike yake da rubutu: ayoyi, da baitocin waziri Ibn Zamrak, da taken gidan sarautar, "Wa la galiba illallah", wanda aka maimaita a ko'ina. Ka lura da ruwan kuma. Daga kogin Darro aka janyo shi ta magudana mai nisan kilomitoci a gefen tsauni, yana gangarowa da nauyinsa ya ratsa lambun Generalife ya shiga ɗakuna. Ɗan wannan gari ne Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin da ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tambutu.

Ranar 2 ga Janairu 1492 sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa garin ga sarakunan Kirista, Fernando na Aragon da matarsa Isabel ta Kastila, bisa yarjejeniyar da ta bar wa Musulmi addininsu da masallatansu da alƙalansu. Ba a cika shekara goma ba aka karya ta. Daga 1499 aka fara tilasta baftisma, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla, a 1567 aka hana harshen da suturar, sannan tsakanin 1609 da 1614 aka kori jikokinsu, kimanin mutum 300,000, duk da an riga an mayar da su Kirista. Yahudawa kuwa tun a 1492 aka kore su.

A Garnaɗa za ka samu sallar da ka nema. A tudun Albaicín, tsohuwar unguwar Musulmi da ke fuskantar Alhamra, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, ana salloli biyar da Juma'a. In za ka iya, ka tsara kwanakinka Juma'a ta same ka a can. Hawan tudun da ƙafa akwai wuya, amma akwai ƙananan motocin bas daga tsakiyar gari.

Oktoba lokaci ne mai kyau, zafin Yuli da Agusta mai wuce digiri 40 ya sauka, sai dai ka riƙe rigar sanyi don daren Garnaɗa, tana gindin tsaunuka. Mutanen can sai ƙarfe biyu suke cin abincin rana, na dare kuma tara, kuma ƙananan shaguna da yawa na rufewa da tsakar rana. Ka kiyaye da abinci: naman alade na shiga miya da wake da ganye, kitsensa kuma na shiga wasu kayan fulawa, saboda haka ka riƙa tambaya. Kifi na da yawa, kuma a titin Calderería Nueva da ke gindin Albaicín akwai gidajen abincin 'yan Maroko masu sayar da halal.