Kare ya tsufa a hannun mai shi: a riƙe shi ko a rabu da shi?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni dattijo ne mai shekara 72, ina zaune a bayan Naraguta a nan Jos. Ina da ɗan lambun kabeji da karas a jikin gida, da 'yan awaki. Shekara 13 ke nan da na karɓo wani kwikwiyo saboda ɓarayin awaki, muka sa masa suna Duna. Yanzu ya tsufa, idanunsa sun yi yana, haƙora sun zube, da ƙyar yake miƙewa da safe, kamar yadda ni ma sai na dafa bango. Tun rasuwar mai ɗakina shi ke rako ni bakin lambu. 'Ya'yana sun ce tunda ya daina gadi, ladana ne ke zubewa kullum. Wani ya ce a sayar wa masu kai karnuka kasuwa, wani ya ce a sa shi a mota a yar da shi can hanyar Bauchi. Zuciyata ta ƙi. Ina da laifi? Kuma in ciwo ya ci ƙarfinsa, ya halatta a kashe shi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, Allah ya jiƙan mai ɗakinka, ya sa ka gama lafiya.

'Ya'yanka ba da ka suka yi magana ba, akwai hadisi a bayansu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa ƙiraɗi guda, wato wani ma'auni na lada, daga ladan aikinsa kullum. A ruwayar Ibn Umar ma ƙiraɗi biyu aka ce. Sai dai farkon hadisin suka kama suka saki ƙarshensa. Kai don awaki da lambu ka ɗauko Duna, waɗannan kuwa biyu ne daga cikin ukun da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe da bakinsa. Ko don gadin gida ne kaɗai, da yawan malamai sun yi ƙiyasinsa a kan waɗannan. Ibn Abi Zaid, mai Risala da muke karantawa a zaure, shi da kansa ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen cikin gari. Amma masu sharhi sun kawo cewa da katangar gidansa ta faɗi, ya ji tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa matsayin Imam Malik, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Mutumin Jos ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan abin da tsoro ke sa a yi.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar: dalilin halascin shi ne gadi, ga shi gadin ya yi rauni. Shin halascin ya tafi tare da shi?

Abin da na fahimta, bai tafi ba. Da fari ma ina shakkar cewa ya daina gadi ɗungurungum. Kare ko ya makance hancinsa na aiki, kuma ɓarawon da ya ji haushi a cikin duhu ba ya tsayawa ƙirga haƙora. Amma mu ɗauka ko haushin ba ya iyawa. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida: ana yafe wa ci gaba da abu irin abin da ba a yafe wa fara shi. Da yau ne ka je ka nemo tsohon kare makaho don kawai ya riƙa ɗebe maka kewa, da na ce maka bari. Kai kuwa ta ƙofar halas ya shigo hannunka, ya cinye ƙuruciyarsa a bakin garkenka, har ya manta yadda ake neman abinci a bola. Ciyar da dabbar da mutum ya mallaka wajibi ne a kansa, haka yake a littattafan mazhabarmu, kuma ban ga inda aka ce wajibin yana faɗuwa ran da dabbar ta daina amfani ba. Riƙon da kake yi masa yanzu sauke haƙƙi ne, ba shi hadisin ƙiraɗi ke zargi ba. Wannan fahimtata ce, in wani malami ya ga saɓaninta ba zan yi faɗa da shi ba, amma sai ya gaya mana inda za a kai karen.

Domin mafita biyun da aka kawo maka duk sun fi riƙon muni. Yar da shi a hanya kashe shi ne da yunwa, illa dai an kawar da ido kada a gani. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Kada wani ya ce ai mu sakinsa za mu yi. Sakin dabbar da ba ta gani, ba ta tauna, daidai yake da ɗaure ta. Na taɓa ganin irin wannan da idona a gefen titi wata asubar hunturu: tsohon kare da guntun igiya a wuya, duk motar da ta rage gudu sai ya ɗaga kai ya kaɗa wutsiya. Har yau abin bai bar ni ba.

Sayarwar kuma, hadisi ya tabbata da hana cin kuɗin kare, kuma shi ne mashahurin zance a mazhabar Malik. Gaskiya ne Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman Malikiyya, ya halatta sayar da karen da aka yi izinin riƙewa, har ya ce zai sayar ya yi aikin hajji da kuɗin. Amma karen aiki yake nufi, wanda mai saye zai yi farauta ko gadi da shi. Mai ɗibar karnuka zuwa kasuwar Dawaki ta Kanke, inda ake sayar da su ga masu cin namansu, ba gadi zai sa Duna ba, kowa ya san haka.

Game da zuciyarka da ta ƙi, babu abin tuba a nan. Allah ya gafarta wa mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da kare mai lasar ƙasa don ƙishi. Sahabbai suka tambaya, ashe muna da lada a kan dabbobi? Aka ce musu akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Wancan kare ma baƙo ne, bai taɓa tsare masa ko ɗan akuya ba.

Iyakar da zan ja maka ita ce ɗaki. Sanyin Disamba da Janairu a Jos kan sa tausayi ya rinjayi mutum ya ce bari ya kwana a falo. A'a. Hadisin cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare ingantacce ne. Yi masa 'yar rumfa a lungun da iska ba ta bugawa, a shimfiɗa buhu da tsohon bargo don kada gaɓoɓinsa su kwana a kan siminti. Kwanonsa daban. In ya sa baki a kwanon ruwanku, a zubar a wanke sau 7. In kuwa ya goga jikinsa a rigarka ko yawunsa ya taɓa ka, a wurin Malikiyya duk mai rai tsarkakakke ne har yawunsa da guminsa, sallarka ta yi. Shafi'iyya suna ganin najasa ne, don haka in ka wanke wurin ka fita daga saɓani, amma kada waswasi ya sa ka canja riga sau biyar a yini.

Abinci a jiƙa masa, tuwo da romo ya fi masa ƙashi yanzu, a rage albasa don tana cutar da jinin kare. Kada yara su jefa masa maganin ciwon jiki na mutane, wasu daga ciki guba ne gare shi. A duba masa kaska a kunne da tsakanin yatsu. Allurar rigakafin haukan kare kuma kada a ce ya tsufa a bari, domin wannan haƙƙin jikokinka ne da maƙwabta. Kuna da sa'a ma, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom tun 1924, likitan dabbobi ba ya wuyar samu a Filato.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Tsufa kaɗai ba ya halatta kashe shi. Umarnin kashe karnuka na farkon Musulunci an janye shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Muddin yana ci, yana sha, yana jan ƙafa ya bi ka lambu, a bar shi da kwanansa. In kuwa ya kai ga ba ya tashi, ba ya ci, sai nishi dare da rana, likita kuma ya ce babu magani, to Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya halatta yanka dabbar da ba a cin namanta idan an ɗebe tsammani daga gare ta, masu sharhi suka ce don a hutar da ita. Wasu malamai sun hana, sun ce a jira ajali. Ni ina tare da halascin, da sharaɗin wahalarsa ce ta sa, ba gajiyar mutanen gida ba. Kuma likita ya yi da allura, ba shinkafar ɓera ba, ba sanda ba, don an umarce mu da kyautatawa ko a wurin kisa.

Ran da ya mutu a haƙa rami mai zurfi a gefen lambu a binne shi, kada a jefa a kwata ko rafi. Babu wanka, babu likkafani, babu salla. In hawaye ya zo maka, bar shi ya zubo.

Wallahu a'alam.