Sau huɗu ana yi wa Hajiya maganin taifod, jiki bai yi sauƙi ba

Tambaya: Likita, bayan Hajiyarmu ta fita takaba, yayanmu ya ɗauko ta daga Tudun Wada zuwa gidansa a Malali, duk a cikin Kaduna. Ɗakinta daban, ba abin da ta nema ta rasa. Amma ba ta barci, abinci sai an matsa mata, kullum kanta na zafi, gabanta na faɗuwa. Sau huɗu mai kemis yana cewa taifod ne. Sai ramewa take, hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya.

Maganar taifod ɗin nan ta kai ni bango. Taifod da zazzaɓi mai zafi yake zuwa, ba ya wata da watanni yana hana tsohuwa barci kawai. Gwajin Widal da ake ɗaga wa mutane takardarsa yakan nuna "akwai" ko a jikin mai lafiya, musamman a wuri irin namu da da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Gwajin da ake dogara da shi shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Amma ina! A kwantar da dattijuwa kan benci bayan kantar kemis, a rataya ledar ruwa a ƙusa, a ƙulla mata ciprofloxacin na kashe ƙwayar cuta da diclofenac na rage zafin ciwo, a ƙara da diazepam wai don barci. Diclofenac na cin ciki da ƙodar tsofaffi, balle mai hawan jini. Diazepam kuma shi ke kayar da su a banɗaki, ƙugu ya karye. Kullum muna ganin wannan ɓarna, mai kemis kuwa ya karɓe kuɗinsa.

Abin da kika faɗa ya fi kama da ciwon damuwa. Hajiya ta rasa miji, ku kuma da kyakkyawar niyya kuka raba ta da maƙwabta, da Islamiyyarta, da zuwa barka da jaje, da 'yan adashinta. Yanzu an tafi aiki, yara sun tafi makaranta, an ja ƙofa. Iyayenmu da kawaici, ba za ta ce kaɗaici ya dame ta ba, sai ta ce kai na zafi. Kuma zafin gaske ne, domin baƙin ciki yana taɓa barci, ci da bugun zuciya. Kada wani ya ce mata rashin tawakkali ne. Annabi Yakubu (AS) sai da idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da ɗansa.

Ku kai ta asibiti a duba hawan jini, suga, yawan jini da aikin thyroid (ƙullin wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo), ku gaya wa likita zancen rasuwar da ƙaurar. In ya tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ku je, ba abin kunya ba ne. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin aikinsa, kada a yanke shi.

Sannan ku tambaye ta inda take son zama. In Tudun Wada ta zaɓa, ku mayar da ita, jika ɗaya ya riƙa kwana wurinta. In kuma ta fara cewa gara ta bi Malam, ko ta ƙi shan ko da ruwa, a ranar za ku kawo ta, kada ku jira gobe.