Tambayoyinku: Sa sola a rufin gida ba tare da kuɗi sun zube a banza ba

Yawancin saƙonnin wannan makon ba kan waya ko kwamfuta suke kai tsaye ba, kan wutar da za ta caja su ne. Na zaɓi guda huɗu.

Tambaya: Malam, ina aiki da kwamfuta daga gida, kuma ina son sa sola, amma kuɗina ba su da yawa. Farantai nawa zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar farantai tukuna, ka ɗauko takarda da biro. Mafi yawan asarar da nake gani a harkar sola daga nan take farawa: mutum ya shiga kasuwa bai san wutar da gidansa ke sha ba, mai kaya ya zaɓa masa.

Kowace na'ura tana da ƙarfinta a rubuce a jikinta ko a jikin cajarta, da harafin W, wato wat. Ka ninka shi da awannin da take yi a kunne, abin da ya fito shi ne wutar da take sha a yini, a ma'aunin wat-awa. Ga misali. Ƙwan fitila shida masu wat 10, awa shida, 360 ke nan. Fanka biyu masu wat 60, awa takwas, 960. Talabijin mai wat 80, awa huɗu, 320. Kwamfutar hannu mai wat 60, awa biyar, 300. Na'urar intanet mai wat 10 da ba a kashe ta dare da rana, 240. Cajin wayoyi huɗu, kamar 60 gaba ɗaya. Jimilla 2,240 a yini. Ka lura wayoyin da ake ta damuwa da su su ne mafi ƙanƙanta a lissafin, fanka ce ke cin kaso mafi tsoka.

Sai ka ƙara kamar kashi 30 cikin ɗari, saboda wutar da ke salwanta a kebul da batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), ka tashi da kusan 2,900. Ka raba da awannin da rana ke bugawa da cikakken ƙarfi, waɗanda ba su kai tsawon yini ba. A wurare da yawa tsakanin huɗu ne zuwa biyar. Idan ka ɗauki huɗu, kana buƙatar wat 730, wato farantai biyu masu wat 400 sun ishe ka.

Kafin ka sayi komai, duba abin da za ka iya ragewa. Tsohon ƙwan fitila mai zafi yana shan wat 60, na zamani mai wat 9 ko 10 yana ba da haske daidai da shi. Akwai fankoki masu aiki da wutar batir kai tsaye da ke shan kusan rabin abin da na gargajiya ke sha. Canza waɗannan ya fi sayen ƙarin batir sauƙi nesa ba kusa ba. Dutsen guga da abin dafa ruwa kuwa, kowannensu yana haura wat 1,000, don haka cire su daga lissafin, ko ka yi amfani da su da tsakar rana idan inbatarka za ta ɗauka.

Tambaya: Na ga farantai biyu, dukansu an rubuta wat ɗaya, amma ɗaya ya fi arha sosai. Me zai hana in ɗauki mai arhar?

Amsa: Hajiya, faranti kam ya yi arha a duniya. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, kuma yawancinsu a China ake ƙera su, a kamfanoni irin su Jinko, LONGi, Trina da JA Solar. Saboda haka arha ita kaɗai ba laifi ba ce. Abin tsoro shi ne takardar ƙarya da ake mannawa a bayan ƙaramin faranti.

Girman faranti ba ya ƙarya. Ana auna su ne a hasken wat 1,000 kan kowace murabba'in mita, a zafin digiri 25, kuma masu kyau na yanzu suna mayar da kashi 20 zuwa 23 na hasken ya zama wuta. Ke nan murabba'in mita ɗaya ba zai ba ki fiye da wat 200 da 'yan kai ba. Faranti mai wat 550 na gaske ya fi dogon mutum tsayi, ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya. Idan aka nuna miki wanda yaro zai rungume da hannu ɗaya aka ce 500 ne, ki yi sallama ki wuce.

Ki sa a fito da shi rana a auna da mita a gabanki, a kwatanta da lambar da ke gefen Voc a takardar baya, wato bolt ɗin da faranti ke bayarwa kafin a haɗa shi da komai. Ki duba ko akwai shaidar gwajin inganci na duniya, IEC 61215 da IEC 61730, da lambar kaya da ke ƙarƙashin gilashi, ba wadda aka manna a sama ba. Manyan kamfanoni suna ba da garantin ƙarfi na shekara 25 ko fiye, domin faranti mai kyau kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari yake raguwa a shekara. Na hannu ma ana saye, in dai gilashin bai tsage ba kuma babu tabon ƙuna a bayansa.

Tambaya: Batirina bai yi shekara ba ya daina kai mu asuba. An cuce ni ne?

Amsa: Mai yiwuwa ne, amma sau da yawa batirin kashe shi aka yi. Batirin dalma, na ruwa ko busasshe, ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi. Mai lamba 200Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 ne, wato 200 sau 12, amma rabonka 1,200. Idan kullum sai inbata ta yi kuka kafin a kashe kaya, kuma farantan ba sa cika shi kafin la'asar, 'yan watanni zai yi. Na sha ganin gida mai batir huɗu da faranti biyu kacal: an sayi randa, an manta da rijiya.

Idan da hali, ni lithiyam nake ba da shawara, nau'in LiFePO4. Kuɗinsa na farko ya fi yawa, amma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai, inda na dalma ke tsayawa a ɗaruruwa ko dubu da wani abu. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi dacewa. Idan kuɗin bai kai ba, sayi ƙarami mai kyau, ka tura manyan ayyuka zuwa rana, lokacin da wuta ke zuwa kai tsaye daga rufi. Kada kuma ka haɗa sabon batir da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Duba kwantirolarka ma, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin farantai da batir. Wadda aka rubuta MPPT a jikinta ta fi wadda aka rubuta PWM tatso wuta daga manyan farantai, kuma ita ce ta dace da su.

Tambaya: Zan iya ɗaurawa da kaina don in rage kuɗin aiki?

Amsa: Ƙaramin faranti ɗaya na cajin waya da fitila, bismilla. Abin da ya wuce haka, nemi ƙwararre. Farantai da aka jera suna iya tara ɗaruruwan bolt, kuma muddin rana na kansu babu makunnin da zai kashe su.

Amma ka tsaya a kan aikin. Idan kana arewa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, farantan su kalli kudu, in kana kudu su kalli arewa. Kada a shimfiɗa su kwance, a karkata su aƙalla digiri 10 don ruwan sama ya wanke ƙura. A bar tazara tsakaninsu da kwano iska ta ratsa, domin zafi yana rage musu ƙarfi: faranti da ya kai digiri 60 ya rasa sama da kashi goma. Ka hau ka duba inuwa da safe da kuma yamma. Wani gida da aka kira ni, inuwar tankin ruwa ce ke faɗawa kan kusurwar faranti ɗaya daga ƙarfe biyu na rana, ta durƙusar da layin gaba ɗaya. Matsar da shi taku biyu kawai muka yi.

Inda masu aiki suka fi yanke kuɗi a ɓoye shi ne kebul. Siririn kebul tsakanin batir da inbata yana zafi, yana narkewa, daga nan gobara take tashi. Ka nace a sa mai kauri na jan ƙarfe zalla, a sa fiyus kusa da batir, da abin kare tsawa, a kuma binne sandar ƙarfe a ƙasa a haɗa ta. Don kwamfutarka da firji, inbata mai tsabtatacciyar wuta za ka nema, wadda 'yan kasuwa ke kira fiyo sayin, wadda ba ita ba tana sa fanka gurnani da caja zafi. Ka riƙe ragowar kuɗin aiki har sai an yi kwana uku kana duba allon inbata da asuba, ka ga nawa ya rage a batirin.